Yadda Za Ka Riƙe Ɗaki a Gidan Yayanka da Ilimin Sararin Samaniya

Ka dawo daga karatu a ƙasar waje, ba aiki, kana kwana a ɗakin baƙi na gidan yayanka? Bi matakan nan, tabbas ba za ka kwana a titi ba. Wani da ake kira Dakta ya gwada su duka.

1. Nuna girman abin da ka karanta.
In Yaya ya kawo maganar aiki, yi ajiyar zuciya. Ka ce masana na can suna gardama: sararin samaniya sau ɗaya ya fara, ko kuwa buɗewa yake, ya tsuke, ya sake buɗewa, ba iyaka? Mai irin wannan damuwa ba a aikensa sayen gas.

2. Mai da zaman banza ilimi.
Ka bayyana cewa ƙarfin da ke jawo komai wuri ɗaya, in matsi ya kai inda ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, wataƙila ya juye ya zama turi. Sai komai ya yi tsalle kamar ƙwallon roba. Dakta ya ce, "Yaya, ba talaucewa na yi ba, tsukewa nake. Tsallen na tafe."

3. Yi hankali da matar gida.
Ita tana sauraro. Washegari Dakta ya tarar da katifarsa a sito, tsakanin buhun gawayi da mataccen firji. "Taimakonka na yi, Dakta," in ji ta. "Ba kai ka ce sai an matsu sosai ake tsalle ba?"

4. In an nemi tabbaci, yi ƙarya.
A nan Dakta ya faɗi. An koya masa kada ya tabbatar da abin da ba shi da hujja a kai. Yaya ya leƙo sito, makullin mota a hannu. "Kai, tsallen nan, tabbas ne?"

"Gaskiya, Yaya, lissafin bai kammala ba. Wasu ma sun ce in an tsuke, shi ke nan."

"To. In ya kammala, ka kira ni."

Da yamma akwatinsa na bakin ƙofa.

5. Tuna kana da yaya mace.
Yayar Dakta ta buɗe masa ɗakin baƙi, da fanka, da sabon labule. Mijinta ya miƙo hannu. "Sannu da zuwa, Dakta. Wai me ka karanto ne a can?"

Dakta ya yi ajiyar zuciya. Koma mataki na ɗaya.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba ruwan marubuci. Kada kuma ka nufo shi da akwati. Ɗakin da yake ciki ba nasa ba ne.