Kwat Ɗin Samfur da Takalman Hagu

Gidan Sallau yana bakin tashar Kafin Baushe, ɗaki biyu da rumfa. Ɗaki ɗaya shi da matarsa Tabawa, ɗayan na mahaifiyarsa Iya Ladi, wadda ta daina yi masa faɗa tun ranar da ta ce ya ɓace mata da gani, aka tsinto shi a bayan rumbu da la'asar. A rumfar yake cajin wayoyin mutane da sola. Ya kai shekara arba'in, ba ya ƙarya, ba ya zagi, kuma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Ƙanin matata ne. Ban zaɓe shi ba. Yayarsa Uwani na gani na aura, daga baya na tarar da shi a cikin kaya.

Ni kuwa ni ne Nasidi Ɗan-kwalisa, MC. Duk bikin da aka yi daga nan zuwa Haɗeja ba da muryata ba, taro kawai aka yi. Sana'ata rabi murya ce, rabi tufafi. Gonar shinkafar da na gada a fadama tuni na bar wa Uwani, tana sa ana nomawa da ribar ƙuli-ƙulinta, don laka ba ta jituwa da fatata. Ana haka sai ga wani matashi, wai shi MC Ɗan-Abuja, da matsattsun kwat da takalma masu tsini. Bukukuwa suka fara bi ta ƙofata suna wucewa. Babban da ya rage shi ne na 'yar Alhaji Maikano mai injin casa, bayan kaka. In na same shi, na dawo. In na rasa, ban san abin da za a ɗora a murhun gidana bana ba.

Wata rana Sallau ya nuna mini wani abu a wayarsa. Ashe manyan kamfanonin ɗinki na ƙasashen waje sukan ɗinka guda ɗaya tak don gwaji kafin su ɗinka dubbai. Shi ake kira samfur. In sun gama da shi sai ya faɗo hannun 'yan gwanjon intanet, a sayar da shi da kuɗin da bai kai na yadin shadda ba. Na ga wata kwat mai ƙyalli kamar bayan tarwaɗa. Na ce, "Sayo mini. Amma Sallau, kada ka gaya wa kowa daga ina kayana suke. Dubai zan ce." Ya ce, "To, Yaya." Washegari duk wanda ya kawo caji, kafin ya karɓi wayar sai ya ce, "Don Allah kada ka tambaye ni kayan Yaya Nasidi. Ya hana ni faɗin gwanjon samfur ne." Kafin azahar mai shayi ya fara kirana Alhaji Dubai. Da na tuhume shi, Sallau ya buɗe ido ya ce, "Ai ban gaya musu ba, Yaya. Hana su tambaya na yi."

Wata rana direban Kano ya sauke ƙunshin farko. Kwat ɗin ta fi hotonta kyau. Na zura hannu ɗaya, na zura na biyu, sai ta tsaya. Ashe samfur girma ɗaya ake yinsa, kuma ga alama ba su san mutum yana cin tuwo ba. Ni ba ƙiba gare ni ba, cikar kamala ce, amma maɓallin da ramin sun ƙi gaisawa. Na ce, "Ka yi ta sayowa har a dace." A raina ina nufin ya nemi babba. Shi kuwa ya yi ta sayowa. Ja ta zo, mai ruwan zinariya ta zo, wata mai ƙananan madubai a kafaɗa ta zo, duk girmansu ɗaya. Duk zuwan ƙunshi sai ya tsaya yana kallona ina numfashi sama-sama, ya ce, "Ba a dace ba. Bari in ƙaro." Uwani ta dubi tarin, ta dubi buhun masararmu da ya kwanta, ta koma kan ƙuli-ƙulinta. Na fi son ta yi magana.

Wata rana na ce ya nemo mini takalmi, mai tsini, wanda ƙafar ɗan Adam ba ta taɓa shiga ba. Ya zo a kwali mai kyau, fata tana ƙamshi. Ƙafa ɗaya. Ta hagu. Ashe haka ake samfurin takalmi, ɗaya ake yi a nuna wa 'yan kasuwa. Na danne zuciyata na ce, "Koma ka nemo mini wani irinsa sak." Ya nemo irinsa sak. Na hagu. Na daka masa tsawa, "Ƙafa nawa gare ni?" Ya ce, "Biyu." Na ce, "To ka nemo biyu!" Biyu suka zo, hagu da hagu. Na jera su huɗu a tabarma, duk sun karkata gefe guda kamar masu jiran mota. Iya Ladi ta leƙo ta ce, "Nasidi, kai ma ka san shi. Me ya sa kake masa magana kamar mutum?"

Wata rana aka yi sunan jikan Alhaji Maikano, aka ce a ranar zai dubi MC ɗin da zai ba bikin 'yarsa. Na zaɓi mai madubai. A nan na lura da abin da ban gani ba a baya: kowace kwat an tsaga ta da reza a tsakiyar baya, tsagar da kamfani ke yi don kada a sayar da samfur a matsayin sabo. Lokaci ya ƙure. Na riƙe numfashi, Uwani ta ja, Tabawa ta tura, maɓalli ya shiga. Na sa hagu biyu a ƙafa. Na ce wa Sallau, "Ka tsaya a bayana. Kada ka bari kowa ya ga bayan nan." Haka muka shiga, ina tafiya ƙafar dama tana neman wata unguwa, Sallau manne da ni kamar an ɗinke mu. Na juya, ya juya. Na taka rawa, ya taka. Duk da haka muryata ta fita, wallahi ta fita, mata har sun fara guɗa. Sai na rusuna in gaida Alhaji. Ƙarar da ta tashi, har mai kiɗa ya tsaya. Kwat ta rabu biyu daga wuya zuwa ƙugu. Sallau ya rungume ni ta baya, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, kowa ya rufe ido! Yaya ya ce kada a ga tsagar!" Wasu tsofaffi biyu suka rufe. Sauran suka ɗaga waya.

Alhaji Maikano mutumin kirki ne. Ya aiko mini da babbar riga in rufa, ya ba Ɗan-Abuja bikin.

Na kwanta a ɗaki na ƙi fita. Makirufona na rataye a ƙusa, ba mai nema. Ina jin Uwani tana kankare ƙasan buhu. Ga kuma labari ya zo cewa tsuntsayen jan-baki sun sauka a fadama, suna bin shinkafa gona-gona tun tana madara, masu gona suna ta kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe. Na ce shi ke nan, ta ko'ina an rufe.

Wata rana Sallau ya zo gaishe ni. Na nuna masa tarin kwat da takalman, na ce, "Kwashe. Kai su inda ba zan sake ganinsu ba har abada." Ya tsaya yana tunani, ya daɗe, sannan ya ɗaure su a zani ya fita. Ban tambaya ba. Sai bayan kwanaki Uwani ta shigo tana dariya har da hawaye, irin dariyar da na manta tana da ita. Ta ce, "Baban Jummai, ka san inda ya kai su? Gonarka. Ya ce ya duba garin nan kaf, nan ne kaɗai ya tabbata ba ka zuwa."

Da ya isa bai ga inda zai ajiye su ba, ko'ina ruwa, sai ya kafa sanduna huɗu ya rataya. Kwat ɗin da suka ƙi ni suka zauna wa sanda daram. Tsagar baya, ta nan ya zura sandar kafaɗa. Takalman kuwa, don kada laka ta ɓata su, ya kifa ɗaya a kan kowace sanda, tsini sama. Rana ta bugi madubai da ruwan zinariya, iska ta kaɗa hannuwa, fadama ta ɗauki walƙiya. Jan-baki suka zo kamar hadari, suka ga manyan baƙi huɗu a tsaye, suka karkata gonakin maƙwabta. Da kaka, shinkafar da aka kai injin Alhaji Maikano daga wannan ɓangare rabinta tamu ce. Shi da kansa ya ce mini, "Nasidi, ashe kayan suna da kyau. Wurin sawa ne ba a samu ba sai yanzu." Na yi kamar ban ji ba.

Wata rana na ce bari dai in je in ga abin da gari ke ta yabo, tunda kayana ne, idona ne ya zaɓe su. Na naɗe wando, na taka laka, ni Ɗan-kwalisa. Ina hango ƙyalli daga nesa, sai ga Sallau a guje ta kan kunyar gona. Ya sha gabana, ya sa tafin hannunsa mai warin taki ya rufe mini ido.

"Sake ni, Sallau! Gonata ce!"

"Har abada ka ce, Yaya."

Haka ya juya ni, ya rako ni har bakin hanya. Yanzu kullum ina cin shinkafa da wake, ina ƙoshi, maɓallin yana ƙara nisa da raminsa. An ce mai madubai ita ta fi kyau. An ce har hoto ake zuwa ɗauka da ita.