Rasuwar Tsohuwa, Rubab ɗin Gidan Sugden

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma faɗuwar gaba da ta ƙi lafawa, Horace Sugden na garin Rothwell yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan lambu rasuwar Tsohuwa, shukar rubab ɗin nan mai jan kara da ake ci a ƙasar Turawa, wadda ta zauna a gindin katangar bayan gidansu shekara saba'in da 'yan kai.

Mahaifinsa ne ya dasa ta a makon da aka haife shi. Tun yana rarrafe kakarsa take nuna masa ita da sanda tana cewa, "Ga abokiyar tagwaicinka nan. Ran da ta tafi, kai ma sai ka fara haɗa kayanka." Kowa ya ɗauki maganar wasa. Shi ma Horace dariya yake yi, har zuwa watan jiya.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da wadatar zuci. Ba ta taɓa neman komai ba sai takin doki da sanyin hunturu mai ratsa ƙashi, wanda duk gidan ita kaɗai take murna da shi. Jajayen kararenta sun shiga kek, sun cika kwalabe, yara sun dangwala su a sukari suna ci suna yamutsa fuska. Ba ta yarda a sa mata wuƙa. Sai a kama kara daga gindi, a murɗa, a ja. Tana da tsami, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Duk ƙarshen hunturu Horace yakan kife mata babbar tukunyar yumɓu don ta yi tsayi cikin duhu, ya durƙusa ya kara kunne, ya ji tana miƙewa: ƙiiƙ, ƙiiƙ, ɗas.

Bana aka yi ruwa ba ƙaƙƙautawa, lambu ya zama taɓo. Horace ya kara kunne, shiru. Ya dawo bayan kwana biyu, shiru. Da ya ɗaga tukunyar sai wani wari ya bugi hancinsa. Ya danna saiwar da yatsa, yatsan ya nutse cikin baƙin ruɓa. A nan durƙushe ya fara jin wani abu ya tokare masa ƙasan haƙarƙari, kuma har yau bai sake shi ba.

Matarsa Maud ta same shi a kicin, fuska fara fat, yana ta wanke yatsan.

"Tsohuwa ta tafi," ya ce. "Saura ni."

"Kai tsoho, ka ji tsoron Allah! Saboda ciyawa? Albasar daren jiya ce ta tsaya maka, sau nawa na hana ka."

"Kaka fa ta faɗa."

"Kakarka ai ta ce za ka zama babban mutum. Ga ka nan."

Amma ita ɗin ce ta ja shi wurin likita, shi da rabonsa da asibiti tun yana saurayi. Likita ya danna nan, ya danna can, ya sake danna wuri ɗaya fiye da yadda Horace yake so, sannan ya ce a ɗauki hoton ciki. Ranar Litinin za a ji sakamako. Tun daga ranar da suka ga likitan, Maud ba ta sake ambatar albasa ba. Akwai ƙullin ƙarshe na karan Tsohuwa na bara a firji. Ta hana kowa taɓa shi.

Marigayiyar ta bar 'ya'ya da jikoki da dama, waɗanda aka tsaga daga jikinta aka raba: ɗaya a gidan 'yarsu da ke Hull, wasu a lambunan bayan coci, sai babbar 'yarta da ke tsallaken katanga, wurin maƙwabci Denis Firth. Denis ya leƙo ya ce, "Mutumina, kwantar da hankalinka. In tsaga maka tawa, ai jini ɗaya ne."

"Ba tare da ita aka haife ni ba," in ji Horace. "Kai dai ka ciyar da ita da kyau. Kuma ka riƙa leƙa Maud."

Denis ya dubi fuskar abokinsa, ya ce to.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan gida. Denis ne zai tono gawar, a ƙone ta, don kada cutar ta kama sauran lambu. Akwai shayi da biskit. Iyalan suna roƙon kada a zo da furanni, kada a sa baƙaƙen kaya, kuma kada kowa ya ce wa Horace ya rame. Shi kuma Horace roƙonsa ɗaya ne ga mai haƙa: a yi ramin zagayayye, kada a yi shi dogo kamar kabari, kuma a cike shi kafin shi Horace ya fito.