Lifidin Harawa

Wani mutum ne a Gagarawa, ragon maƙwabcinsa Habibullah ya sa shi a gaba. Kullum ya fito zai tafi gona, sai ragon nan ya ja da baya ya zo ya tunkuye shi. Duk unguwar shi kaɗai yake yi wa haka. Ya kai ƙara, Habibullah ya ce ragonsa mai ladabi ne, ya dai binciki kansa.

Ran nan yana zaune a tasha yana dafe da haƙarƙari, sai ya ji wani dattijo yana labarin dakarun da, mayaƙan sarakuna. Wai wasu sulke suke sawa, rigar ƙarfe ta ƙananan zobba, kowane zobe riƙe da huɗu. Wasu kuma lifidi: a haɗa zane biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi, kibiya ta zo ta maƙale.

Ran Alhamis sai ga shi a kasuwar Maigatari, gaban maƙeri. Maƙeri ya ce sulke sai zobe dubu ashirin, aikin shekara guda.

Ya ce, "Ɗaya ya riƙe huɗu, biyar ke nan. Sauran na mene ne?"

Maƙeri ya dube shi sama da ƙasa. Ya jawo tsofaffin ƙafafun keke biyar da aka cire wa taya da wayoyi, ya ɗaure su da waya, ya rataya masa.

Da safe ya fito yana ƙara kamar amalanken mai gwangwan. Rago ya taho. Kansa ya wuce ta zoben tsakiya sumul, ƙaho ya sarƙe. Haka ya ja shi a ƙasa har bakin rijiya.

Da ya ɗan warke sai ya nufi wurin tela, ya ce lifidi yake so. Tela ya ce zane akwai, audugar rimi ce babu. Mutumin ya ce ai duk cushe cushe ne. Ya koma gida ya kwaso harawa dami biyu da rabin buhun dusa. Aka ɗura, aka ɗinke. Sai maganar ado. Aka yi masa facin ja da rawaya, aka jera tuntu a kafaɗu. Ya ce bai isa ba. Ya sa aka ɗinka madubin babur biyu a ƙirji, babban madubin ɗaki a kan tumbi. Tela ya ce shi dai bai taɓa jin dakaru da madubi ba.

"Don ba su da babur ne," in ji shi.

Ya ce kuma a ɗinke rigar a jikinsa, kada a bar ƙofar da ƙaho zai shiga. Ya kifa kwanon sha a ka a matsayin kwalkwali. Ƙofar shagon ta ƙi shi, sai da mutum uku suka tura.

Yana shiga unguwa rago ya hango shi. Ya matso. Ya leƙa tumbin mutumin, sai ya ga wani ƙaton rago yana hararar sa daga ciki. Ya ja da baya. Ya ƙara ja da baya, har sai da ya ɓace a kwana. Mutumin ya fara murmushi, ya ce ga gudu nan.

Ashe hanya rago yake nema.

Ƙarar karon har tasha an ji ta. Mutumin ya faɗi rigingine, hannu da ƙafa a sama, ya kasa juyawa. Ɗinki ya fashe, dusa ta tsiyayo, harawa ta leƙo. Kafin ka ce me, awakin unguwa sun rufe shi. Tumaki suka biyo baya. Wani jaki ya zo ya kama kafaɗar hagu.

Matarsa Zinariya ta fito da gudu, don tun safe ya ce mata yau za a yi ta ta ƙare. Ta tarar da tarin dabbobi, ƙafafu biyu suna motsi a ƙasa.

Ta ce, "Maigida, wa ya ci yaƙin?"

Murya ta fito daga ƙarƙashin akuya: "Ke ba ki da ido ne? Ga su nan, ba su ma gama ci ba."