Ranar da Na Rina Rigar Alƙali

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata Laraba ta tsakiyar damina, wadda na tara dattijan Gwarzo da na Kabo a ɗaki ɗaya don in nuna musu cewa ni ma injiniya ne. (Ni ba injiniya ba ne. Aikina gwajin jini da fitsari, kuma har zuwa ranar ko tocila ban taɓa gyarawa ba.)

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibitin al'umma da mutanen garuruwan biyu suka haɗa ƙarfi suka gina. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, kuma duk inda ka juya maganar tsuke bakin aljihu ake yi. Ni kaɗai ne a ɗakin gwajin. Da damina ta kankama sai zazzaɓin cizon sauro ya cika mana baranda: mata daga Mainika, daga Gammo, daga Gude, kowacce da goyonta jiki zafi rau. Sai in soki yatsa, in shafa jinin a ɗan gilashi, in jira ya bushe, in tsoma shi cikin shuɗin rini, in ɗauraye, in tsoma cikin ja, in sake ɗaurayewa, sannan in ɗora a madubin likita in nemi ƙwayar cutar. Ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta zo da hantsi, sai bayan azahar take jin abin da ke damun ɗanta.

Kwamitin asibiti ya ga abin ya yi yawa, aka ce a nemo na'ura. Shugaban kwamitin shi ne Malam Habibu, tsohon alƙali da aka sake kira bakin aiki da zuwan shari'a, mutum mai tsafta wanda ban taɓa gani da kayan da ba farare ba. Wani kamfani na Kano ya turo mana wakiliyarsa, Hajiya Binta, da hotunan wata na'ura mai rina gilasan jini da kanta. Ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta zo inda ta ce, "Ita na'ura ba ta gajiya, kuma ba ta da kuskuren hannu."

To, a nan fa ta taɓo ni. Hannun wa ke kuskure a asibitin nan in ba nawa ba? (Baiwar Allah ba da ni take ba, daga baya na gane haka take faɗa a ko'ina.) Da ta ambaci farashi dattijai suka shiga kallon silin, sai na ga dama ta samu. Na miƙe.

"Allah gafarta Malam, wannan abu ai tsomawa ce da fitarwa. Me zai sa mu kai ɗan abin da talakawa suka tara Kano? A ba ni wata ɗaya, zan haɗa mana tamu a nan gida."

Malam Habibu ya dube ni ta saman tabarau. "Ka tabbata, ɗana?"

Na ce na tabbata. Aka tsayar da magana: bayan wata ɗaya Hajiya Binta za ta dawo, a ga tawa, sannan a zaɓa.

Da na fito ne gumi ya karyo min, don ban san ta inda zan fara ba. Washegari na hau babur na nufi Kabo wurin Malam Sabi'u rewaya, mai gyaran wutar mota a bakin tasha. Dattijo ne ɗan Gude, ba ya da yawan magana, sa'an mahaifina. Bayan mun gama gaisawa na zayyana masa abin da na jajibo wa kaina. Ya sosa gemu, ya shiga shago ya fito da injin waifa na wata tsohuwar mota, wato abin da ke kaɗa sandar share gilashi.

"Wannan ai aikinsa ke nan," in ji shi. "Ya je, ya dawo. Sai dai mu koya masa haƙuri."

Mako uku muna abu ɗaya, ko kuwa in faɗi gaskiya, yana yi ina riƙe masa sukundireba. Ya ɗora injin a kan katako, ya ɗaura masa hannun ƙarfe mai ɗauke da ɗan kwando na waya da ke cin gilashi goma sha biyu. Ya jera kwanoni huɗu a kan faifai mai juyawa, ya haɗa komai da batirin mota don kada ɗauke wuta ta dame mu. Kuma wallahi abin ya yi aiki! Hannun ya sauka a hankali, ya tsoma, ya ɗaga, faifai ya juya, ya sake tsomawa. Na gwada da jinina, rini ya kama tsaf.

Ranar da zan ɗauko ta, Malam Sabi'u ya nuna min wayoyi biyu. "Ka ga wannan baƙar, ita ce ta yayyafi, a kanta na bar shi. Wannan jar kuwa ta ruwan sama mai ƙarfi ce. Kada ka kuskura ka taɓa ta."

Na ce, "Haba Baba, ni yaro ne?"

Abin da ya hana ni sakat shi ne, a takardar kamfani an rubuta mintocin da tasu ke ɗauka, kuma tamu ta kusa ninka su. Na yi ta hango Hajiya Binta tana duba agogo tana murmushi. Da safiyar Larabar, kafin kowa ya iso, na cire baƙar waya na ɗaura ja. Na kunna sau ɗaya babu kwanoni, babu gilasai, na ga hannun yana tafiya da kuzari, na ce yauwa, haka ake so. Ban tsaya nan ba. Don a san ba wasan yara nake ba, na ɗebo gilasai goma sha biyu na marasa lafiyar da ke zaune a baranda suna jira, na jera su a kwandon.

Dattijai suka cika ɗaki. Malam Habibu ya zo daga kotu kai tsaye, da farar babbar riga da farin rawani, aka sa masa kujera a gaba dab da tebur. (Ni na matso da kujerar da hannuna, wai don ya gani da kyau.) Hajiya Binta na gefe. Malam Sabi'u ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa duk baƙin mai.

Na yi jawabi. Na ce na daɗe ina nazari, na ce ba sai mun dogara da mutanen birni ba. Wani dattijo ya nuna bakin ƙofa ya ce wancan fa? Na ce, "A'a, Malam Sabi'u ne, ya ɗan taya ni da wasu 'yan ƙarafa." Har yanzu idan na tuna wannan jimla sai in ji kunnena ya yi zafi.

Na yi bismilla, na danna makunni.

Hannun ya faɗa cikin shuɗin rini, fal! Ya tashi sama kamar an tsikare shi. Waifa ba ta san jini ba, ita dai an ce mata ana tafka ruwa. Kafin in ƙifta ido ta watsa rini tun daga rawanin alƙali har gefen rigarsa, ta koma ta kwaso ja ta ƙara masa. Gilasai suka riƙa tashi suna tarwatsewa a bango, tas, tas! Dattijai suka yi ƙofa suna salati, ɗaya ya bar takalminsa. Ni kuwa na rikice ina danna makunni, ina kashewa ina sake kunnawa. Malam Sabi'u ne ya ratso mutane, ya fizge wayar batir, na'urar ta tsaya cak.

Malam Habibu bai motsa daga kujerarsa ba. Ya cire tabarau, ya goge shi da ɗan wurin da ya rage fari a hannun riga, ya mayar.

"Wa ya haɗa wannan abu?"

Sai na ji muryar Malam Sabi'u a bayana: "Ni ne, Allah gafarta Malam. Aikina ne, a yi wa yaron nan afuwa." Alhali idonsa na kan jar wayar, ya ga abin da na yi sarai.

Wannan ta fi rinin ciwo. Mutumin da na hana yabo minti biyar da suka wuce, shi ne ya miƙo wuya zai ɗauki laifina. Na durƙusa a cikin fasassun gilasai na ce, "Ba haka ba ne. Shi ya haɗa ta da kyau, tana aiki. Ni na sauya waya da safen nan don in burge ku, bayan ya hana ni."

Alƙali ya jinjina kai. "Yau na ga shari'ar da mutum biyu ke rigimar wa zai ɗauki laifi. Tashi, ɗana, ba a kotu muke ba. Jinin wa ke jikin bangon nan?"

Sai a lokacin na tuna da baranda.

Ban taɓa yin tafiya mai nisa irin ta taku goman nan ba. Na fita fuskata rabi shuɗi rabi ja, na tsuguna gaban mata goma sha biyu ina ba su haƙuri, ina roƙon su bari in sake sokar yatsun 'ya'yansu. Wata tsohuwa daga Gammo, da jikarta kwance a cinya, ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu ɗana. Jinin ɗazu bai ishe ka ba ne?" Na ce, "Inna, ni na zubar da shi." Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Amma ka yi mata a hankali, tun safe take kuka." Yarinyar ta tsala ihu da na soke ta, kuma na san wannan kukan nawa ne, ba na sauro ba.

Da na koma ciki na tarar Hajiya Binta ta naɗe hannun riga ta sa safar hannu. Ashe ta yi shekaru tana irin aikina kafin ta shiga kamfani. Ita tana rinawa, ni ina dubawa a madubi, kafin la'asar duk mun sallame su. Ko sau ɗaya ba ta yi min dariya ba. (Ta yi, amma sai da ta shiga mota, direbanta ya gaya min daga baya.)

A zaman kwamiti na gaba ita da kanta ta faɗi abin da babu a takardarsu: na'urarsu tana son wuta tsayayya, ba ta shan rinin kowa sai nasu, kuma in ta lalace sai an jira mai gyara daga Kano. Ta ce ta Malam Sabi'u ba ta da sauri kuma ba ta da murfi, amma mai gyaranta yana nan kusa. Dattijai suka yanke cewa a wannan daminar a yi aiki da ta gida, bisa sharaɗin a rufe wayoyinta cikin akwati, makulli a hannun Malam Sabi'u. Bayan shekara biyu, da asibiti ya samu janareta mai kyau, aka sayi ta kamfanin. Rigar alƙali kuwa ba ta wanku ba. Ya sa aka kai ta marina aka mai da ita shuɗiya gaba ɗaya.

Yanzu na tsufa a aikin, kuma wasu asibitoci kan kira ni shawara idan sun rasa ko su sayi na'ura ko su haɗa tasu. Nakan tambaye su wutarsu, da ruwansu, da nisan mai gyara. A ƙarshe nakan rage murya in tambaya ko a cikin ma'aikatansu akwai wanda ke ƙishirwar a yaba masa. In akwai, nakan ce ko wacce suka zaɓa, a fara nema wa wannan mutumin aiki a wani ɗakin.