Sharaɗin Zama a Gindin Tsamiya

A wani daji, a shekarar da damina ta makara, gwaggon birai suka rabu gida biyu a kan wanda zai riƙe tafki. Barmo ya tsare gabas, ƙanensa Ɗanjuma ya tsare yamma, hanyar ruwa ta rufe ga kowa. A wata na huɗu dazuzzukan maƙwabta suka aiko tsuntsaye domin a tsagaita wuta, gauraka Malam Nomau ne jagoransu. Suka sauka a kan wata tsamiya, suka kwashe kwana tara suna tsara wanda zai zauna a wane reshe.

A rana ta goma bushiya Tabawa ta iso, ta durƙusa. Ƙishirwa ta riga ta ci biyu daga cikin 'ya'yanta biyar.

Ta ce, "Allah ya ƙara maka girma, Malam. Ba mulki na zo nema ba. A ba mu yini guda mu kai yara bakin ruwa. Ina roƙo a bar ni in faɗi haka a gaban shugabannin nan biyu."

Malam Nomau ya gyara tukkunsa, ya ce, "Baiwar Allah, mun ji zafin rashinki, za mu kuma ambace shi a jawabin rufe taro. Amma zaman nan na masu rikici ne. Ke wane ɓangare kike?"

"Ɓangaren masu ƙishirwa."

"Ba mu da shi a tsari. Kin taɓa tare hanya? Kin ƙone wa wani kurmi?"

"Allah ya tsare ni!"

"To, kin gani. Wanda bai kunna wuta ba, me zai tsagaita?"

Suna cikin haka sai ga dila, wanda shekaranjiya ya tara 'yan'uwansa shida suka cinna wa ciyawar arewa wuta. Belbelu suka sauko da sauri suna cewa, "Maraba da shugaba!" Aka share masa wuri a inuwa, aka kawo masa ruwa a ƙwarya. Ya sha rabi, ya wanke ƙafafunsa da sauran.

Tabawa ta daɗe tana kallon ƙasar da ta jiƙe. Sannan ta yi wa Malam Nomau godiya bisa bayanin da ya yi mata, ta koma raminta, ta tara dangi.

Ta ce, "Ciyawar kudu ta bushe sosai. Gobe da safe mu ma za mu nemi wurin zama a gindin tsamiya."