Yaƙin Tudun Agwagwa

Da sunan Wanda Ya halicci mai tafiya da mai zama, Ya ba kowa rabonsa. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali, ku kasa kunne ku ji tarihin sadauki ɗan sadauki, Malam Hambali na Layin Marina a garin Funtuwa, ɗan Audu Gingimari wanda ya shekara arba'in yana jan babbar mota tsakanin Arewa da Ikko bai taɓa take ko ɗan tsako ba, jikan Jibo Madugu wanda ya kai ayarin jakuna Gwanja sau tara ya komo da goro da haƙoransa cif. Zuriya ce ta matafiya, kowa a cikinta ya keta duniya. Sai Hambali. Shi tela Allah Ya yi shi, fasihin almakashi, sarkin yaƙin zare da allura, gagara-badau mai cewa a dawo jibi. Shekara talatin yana taka fedar keken ɗinki safe da yamma, amma bai taɓa gusawa daga inda yake zaune ba.

To, abin da ke ci wa gwarzon tuwo a ƙwarya guda ne. Duk kashegarin Sallah mahaifiyarsa, Inna Tabawa, takan je Bakori gaida danginta, kuma ƙaninsa Alhaji Nafi'u, dillalin hatsi, shi ke zuwa da danƙareriyar motarsa ya ɗauke ta. Inna a gaba, Hambali kuwa, ɗan fari guda, a baya, rungume da kular miyar Sallah kada ta zube. In an isa sai dangi su yi caa a kan Nafi'u da sannu da zuwa, can a ƙarshe wata gwaggo ta leƙo ta ce, "A'a, ashe har da Hambali aka zo." Wannan "har da" ta fi shekara goma tana cin ransa. Rannan ya miƙe a tsakiyar majalisar ƙofar shagonsa ya yi rantsuwa mai nauyi cewa kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu, shi ko mahaifiyarsa, sai Inna ta shiga motarsa, tasa ta kansa, shi a sitiyari.

Sai ya ɗaura ɗamara ya yi fita ta farko, ya tasar ma sansanin 'yan gwangwan da ke bayan gari, inda motoci ke zuwa su cika da imani. A can ya ci ganimarsa: wata 'yar akwala mai ƙofa biyu, marar gindi, wadda ta girmi matarsa, kaji kuma sun riga sun mai da kujerar bayanta akurki. Ƙarti shida suka turo ta har kangon da ke jikin gidansa, shi yana ciki yana murza sitiyari da ɗaurewar fuska. Ya raɗa mata suna Walƙiya. Inna ta dogaro sandarta ta fito, ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce, "Hambali, ita ce motar, ko a cikinta aka kawo motar?"

Daga nan aka shiga yaƙi na shekara uku, wanda marubuta ba su da tawadar da za ta ishe shi. Ya naɗa Tanimu Bakanike jarman rundunarsa, mutumin da duk sanda aka tambaye shi aiki sai ya ce a dawo jibi, har Hambali ya ɗanɗani abin da ya daɗe yana shayar da bayin Allah. Aka gwabza da kafireto aka yi masa kaca-kaca. Aka yi wa lagireto ƙawanya wata biyu har ya daina yoyo don kansa. Mai walda ya ƙera mata fiffike a baya da ragowar kwanon rufi, ya liƙa mata salansar fitar da hayaƙi mai faɗin bakin turmi. Mai fenti ya shafe ta da ja, ya rubuta a gilashin baya: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Kujeru kuwa sadaukin da kansa ya ɗinke su da ƙyallayen shaddar jama'a, har limamin unguwa ya leƙa wata rana ya gane inda hannun rigarsa ya tafi.

A shekara ta biyu ta wannan jihadi aka yi wata musiba da dole mai tarihi ya ambata. Wani shu'umin ɗan acaɓa ya sheƙo cikin layin ya take agwagwar Hambali, uwar 'ya'ya tara, ta yi shahada nan take. Al'adar Layin Marina kuwa, duk wanda aka yi wa ɓarna sai ya gitta tudun siminti a hanya don masu gudu su shiga taitayinsu, ba neman izini, ba awo, gwargwadon fushinka gwargwadon tudunka. Fushin Hambali ya kai buhu biyu da tubali ashirin. Taku goma sha ɗaya daga bakin kangonsa ya gina shi, ya tsaya a kai ya yi shela cewa ko tankar yaƙi ce sai ta yi sallama kafin ta wuce. 'Yan acaɓa suka riƙa sauka suna turawa suna yi masa addu'ar da ba a amsawa da amin. Aka sa wa wurin suna Tudun Agwagwa. Layin kuma ba ya ɓullewa, ta nan kaɗai ake fita.

Ana nan sai Shaiɗan ya nuna masa motocin tsere a waya, ya ga cikinsu kamar zai lashi ƙasa. Ya kira Tanimu ya ce a yanke sifirin da ke ɗage motar, a zaunar da Walƙiya ƙasa.

"Malam, ka fa san hanyoyinmu," in ji Tanimu.

"Shekara talatin ina rage tsawon wando, kai za ka koya mini? Yanka."

Aka yanka. Ya zaro tef daga wuyansa ya auna, sai ya ga hagu ta ɗara dama da rabin inci. Tela ba ya barin ƙafar wando ɗaya ta fi ɗaya. Aka rage hagu, sai dama ta ɗara. Aka rage dama. Haka aka yi ta daidaitawa har tsakanin cikin Walƙiya da ƙasa bai wuce yatsa uku ba, sannan ya ce yanzu ta zauna a jiki.

Ranar jajibirin Sallah ta shekara ta uku injin ya tashi. Ƙararsa ta kori tantabarun unguwa, ta sa wata tsohuwa salati, masu jiran ɗinkin Sallah kuma suka san cewa bana da tsofaffin kaya za su je idi. Tanimu ya ce a ɗan zagaya da ita a gwada. Sadaukin ya ƙi, ya ce tayarta ba za ta taka titi ba sai da Inna a ciki.

Kashegarin Sallah da hantsi runduna ta yi sahu. 'Yan majalisa suka jeru a dakali, mata suka leƙo ta kan katanga. Inna ta fito da sabon mayafi, aka lanƙwasa ta aka shigar gidan gaba, aka ɗora mata kular miya a cinya tun da babu mai riƙewa a baya. Hambali ya gyara zaman hula, ya dubi mahaifiyarsa a gefensa, sai da idonsa ya ciko don daɗi. Ya murza makulli, ya taka kuloci da ƙafar nan da ta ƙware a feda, ya leƙo ta taga ya yi kururuwar yaƙi: "Jikan Madugu ne, a ba da hanya!"

Walƙiya ta yi ruri, ta yi tuƙuƙin hayaƙi, ta zabura daga kango da haiba da jalala, ta keta taku na farko da na biyar da na goma ba mai iya tare ta, tayoyin gaba suka haye Tudun Agwagwa da ƙarfin zuciya irin na mazan jiya, sai aka ji ƙuuu, sannan ƙwas. Cikinta ya zauna daram a kan tudun. Tayoyin gaba suka ci gaba da gudu a iska, salansa ta faɗi ta gangara kwata. Aka tura ta gaba, ta ƙi. Aka ja ta baya, ta ƙi. Aikin Hambali ne na sama, aikin Hambali ne na ƙasa, kuma duka biyun ya yi su da gaskiya.

Ana cikin haka sai ga motar Alhaji Nafi'u ta tsaya a ɗaya gefen tudun. Ya fito yana danne dariya, ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe.

"Inna, sauko mu tafi, rana na yi. Yaya, kai ma taho, akwai wuri a baya."

Hambali ya sunkuyar da kai a kan sitiyari. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage, ko da yake ba nisa zai yi ba. Inna ta dubi ƙofar da aka buɗe mata, ta dubi ƙeyar ɗanta na fari. Ta kwance bakin mayafi, ta ɓare goro, ta jefa tsagi a baki, ta miƙa wa Hambali ɗayan. Sannan ta ɗaga kular miya ta miƙa ta taga.

"Karɓi, Nafi'u, ka riƙe da kyau kada ta zube. Yi gaba. In sun tambaya ka ce ina motar yayanka, muna hanya."

A nan alƙalamin mai tarihi ya tsaya, Allah Shi ne Masani. Iyakar ƙasar da aka ci a wannan yaƙi taku goma sha ɗaya ce, Inna kuma ba ta sauka ba sai da aka kira azahar.