Ƙululu Mai Yawo

Wani ne, manomin wake a can wajen Ƙarfi, fitsari ya soma yi masa gardama. In ya tsuguna sai ɗis, ɗis, har ƙafa ta yi tsami. Ya sha jiƙo ya sha sassaƙe, shiru. Ƙarshe aka kwashe shi zuwa babban asibiti a birni.

Likita ya duba hoton da aka ɗauke shi ya ce, "Baba, ciwon daji ne ya kama wani ƙululu da ke ƙarƙashin mafitsararka. Amma an gano da wuri. Gashi za mu yi masa."

Mutumin ya zabura. "Gashi? Irin na tsire?"

"A'a, da hasken inji. Sai dai injin wuri ɗaya yake saiti, shi kuwa ƙululun motsi yake yi. In mafitsara ta cika, ta ture shi. In iska ta taru a hanji, ya goce. In kuwa ya goce, lafiyayyen wuri za mu ƙona."

"To ai abin daji dole ya yi yawo, likita."

Likita ya ce, "Kai dai ranar gashi ka sha ruwa, ka riƙe fitsari. Kuma ka bar cin wake."

Ranar ta zo, sai ga shi yana tafiya a sandare, ido ya fito. Nas ta ɗaga rigarsa, ta tarar ya tamke ƙugu da igiya.

"Baba, wannan fa?"

"Turke shi na yi, 'yata. Bunsuruna ma da ita na raba shi da yawo."

Da ƙyar aka kwance. Aka ɗauki hoto, ciki fal da iska kamar tayar mota. Likita ya ce, "Baba, me ka ci?"

"Ɗanwake. Hajjo matata ce ta jefa mini da asuba."

"Ba na hana ka ba?"

"Uban ka hana, likita. Ba ka ambaci ɗan ba."

Aka ce ya dawo wani mako. Ya dawo, ya ɗirki ruwa har wuya, ya zauna a layi ya matse ƙafafu. Azahar ta yi, aka ce babu wuta. Janareta fa? Babu mai. Wani makon aka ce inji ya lalace, mai gyara yana Legas. Da aka gyara, sai yajin aiki. Kullum da ruwan yake zuwa, da ruwan yake komawa. Direbobin Funtuwa da ke mayar da shi gida har sun gane shi, tun kafin ya yi magana suke tsayawa bakin hanya ya rage ruwan.

Da damina ta wuce, ran nan komai ya haɗu: ga wuta, ga inji. Aka kwantar da shi. Sai ya ga baƙuwar fuska a kansa.

"Malam, ina likitana?"

"Ya samu aiki a Saudiyya, Baba. Jiya ya tashi. Kwanta, kada ka motsa."

Sabon likita ya ƙura wa allon inji ido, ya duba dama, ya duba hagu, ya ja tsaki.

"Baba, ƙululun nan naka ba ya inda aka yi masa alama. Ya sake gocewa."

Mutumin ya ce, "Duba ta gabas, ɗana. Ƙila likitansa ya bi."